Damagaram: gari na zaɓe, Yamai na naɗi

Tsakanin Yamai da Damagaram akwai tafiyar kilomita kusan 900, duk bisa kwalta guda. Motar da ta tashi da assalatu ba ta sauke fasinja sai wajen lisha, in Allah ya tsare ta daga faci da jinkirin shingayen jandarma. Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, Takeita: kowane zango da merinsa, da tutar ƙasa a ƙofa, da allon da rana ta cinye rubutunsa. Bayan Tirmini, inda sojojin Faransa suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga a 1899, sai ƙasa ta sauya kama. Manyan duwatsu masu sulɓi su fara bayyana, kamar garken giwaye a kwance, su raka matafiyi har cikin gari. Su ne adon Damagaram, su ne kuma ciwonta, domin ƙasar da ke bisa fa ba ta riƙe ruwan rijiya.

Garuruwa uku ne cikin ɗaya. Ga Birni, inda fadar Sarkin Damagaram take, da kufan ganuwar da Sarki Tanimu ya ɗaukaka, da lungunan da jaki biyu ba su giftawa a cikinsu. Ga Zango, masaukin ayarin Agadas da na Turabulus a zamanin da raƙuma ke sauke gishiri da tufafi su ɗauki fatu da gashin jimina. Har yau gidajen attajiran da suna nan, da zanen magina a goshin zaurukansu. Sa'an nan ga unguwar da nasara ya tsara, wurin ofisoshi da lakwal da asibiti, da barikin soja a bisa dutse yana leƙen kowa. Kasuwar Dole ce mahaɗarsu, balle ranar Alhamis, sa'ad da mutanen Mirya da Magarya da Matamai ke cika ta da gero da gujiya da bisashe. Cikin wannan hayaniya akwai wani mutum da ba ya saye, ba ya sayarwa: mai tikitin meri, da ɗan littafinsa a hannu, yana bi rumfa-rumfa. Mafi yawan ƴan kasuwa ta hannunsa kaɗai suka san ma'aikatar magajin gari. Tambayar da ta daɗe tana yawo a rumfunan nan ita ce, kuɗin hannun wa suke faɗawa, kuma wa ya ɗora mai karɓarsu bisa kujera?

Mai son gane siyasar Damagaram sai ya fara daga 1926. Tun 1911 nan ne mazaunin mulkin ƙasar, har Faransawa suka kwashe ofisoshinsu suka koma Yamai. Hujjar da suka bayar ita ce ƙarancin ruwa. Kusancin garin da Kano, wadda ke hannun Ingilishi, shi ma bai kwanta masu a rai ba. Ƙarni guda ke nan, amma Damagarawa ba su manta ba: a zaure ko a tasha, zance in ya yi nisa sai ya dawo kan babban birnin da aka ɗauke. Ba abin mamaki ba ne Sawaba ta Jibo Bakari ta sami gindin zama a nan kafin a haramta ta a 1959. Garin da ya riƙe wasan kara, inda talakawa ke sa tufafin gwamna da minista da shugaban ƙasa suna kwaikwayonsu a bainar jama'a, ba gari ne mai tsoron yi wa mulki dariya ba.

Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso a 1991, Damagaram ba ta yi dogon nema ba. Ƙungiyar raya al'adu ta AMACA, wadda ƴaƴan yankin suka kafa tun zamanin Kunce, ita ta zama tushen jam'iyyar CDS-Rahama, kuma ɗan garin, Mahaman Usman, shi ne ɗan takararta. A watan Maris 1993 ya kada Tanja Mamadu a zagaye na biyu da kashi 54 cikin ɗari, ya zama Nafarko. Gari ya yi kore shar, kalmar canji tana bakin yaro da babba. Sai dai canjin bai sauka har meri ba. Ba a yi zaɓen ƙananan hukumomi ba. Jam'iyyun ƙawancen AFC suka raba kujerun furefe da sufurefe da magadan gari tsakaninsu, rabon da abokan hamayya suka yi wa laƙabi da wasoso. Wato ko a ranar da ɗan Damagaram ke fadar shugaban ƙasa, takardar magajin garin Damagaram daga Yamai take zuwa.

Gwajin farko ya zo ranar 7 ga Fabrairu 1999, ƙarƙashin Janar Bare Mainasara, wanda ya kifar da Nafarko a Janairun 1996. Jama'a suka fito, ƴan adawa suka kama hanyar rinjaye, sai aka far wa wuraren ƙidaya a garuruwa da dama, aka lalata takardu. Kotun ƙoli ta soke sakamako mai yawa a farkon Afrilu. Ranar 9 ga watan aka harbe Bare a filin jirgin saman Yamai. Kansilolin wancan zaɓe ba su taɓa zama ba.

Sai ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen da ya tsaya: ƙananan hukumomi 265, kujerun kansiloli 3747 a faɗin ƙasa. MNSD-Nasara ta Tanja ce ta fi kowa kwasa, amma cikin Damagaram, wadda aka kasa kwamin biyar, CDS ce uwa da makarɓiya. A nan mutane suka fara fahimtar abin da ba a faɗa masu ba lokacin neman ƙuri'a. Talaka ba ya zaɓen magajin gari. Jerin sunayen jam'iyya yake jefa wa ƙuri'a, a raba kujeru gwargwadon abin da kowace ta samu, sa'an nan kansiloli su shiga ɗaki su ɗaga ɗaya daga cikinsu. Sarakuna da ƴan majalisar dokoki suna da wurin zama, suna da baki, amma ba su da ƙuri'a. Saboda haka jam'iyyar da ta zo ta farko tana iya kwana da murna ta wayi gari a adawa, in ta biyu da ta uku sun shirya cikin dare. Kansila guda na ƙaramar jam'iyya, wanda jiya ba mai gaishe shi, sai ya zama amarya. Kuma ta ƙofar da aka hau, ta nan ake sauka: ƙuri'ar yanke ƙauna ta ci magadan gari da dama a ƙasar nan tun ba su gama sanin ma'aikatansu ba.

Daga nan gidan kore ya fara tsagewa. A 2004 ɗin ne Shefu Amadu ya fice ya kafa RSD-Gaskiya, ya ɗebe magoya baya da yawa a Maraɗi. A watan Oktoba 2008, wurin aza tubalin matatar mai a arewacin gari, aka fara ɗaga kiran tazarce ga Tanja, a ƙofar gidan mutumin da zai ƙi ta, don Mahaman Usman ne shugaban majalisar dokokin da aka rusa a Mayun 2009. Zaɓen ƙananan hukumomi na Disamba 2009, wanda ƴan adawa suka ƙaurace wa, bai cika wata biyu ba sojojin Salu Jibo suka yi juyin mulki, aka koma ga kantomomi. Aka sake zaɓe ranar 11 ga Janairu 2011. Mako uku bayan haka Nafarko ya zo na huɗu a zaɓen shugaban ƙasa, da kashi 8 cikin ɗari. Mataimakinsa Abdu Labo ya bi Isufu Mahamadu, rikici ya kai kotu, daga baya kotu ta ba ɓangaren Labo jam'iyya. Kansilolin kore suka sami kansu tsaka mai wuya: sunan da aka zaɓe su da shi yana gefen gwamnati, mutumin da aka zaɓe su dominsa yana adawa, sai da ma ya ari rigar MNRD-Hankuri kafin ya yi takara a 2016. Wa'adinsu na shekara biyar ya ƙare a shekarar, aka yi ta ƙara masu har 2020. Mai tsawaita wa'adi kuwa shi ne mai gajarta shi: majalisar ministoci na iya tsige magajin gari, kamar yadda ta yi wa Umaru Dogari na Yamai a 2013. Wanda ya san haka ba ya ɗaga murya ƙwarai.

Ranar 13 ga Disamba 2020 PNDS-Tarayya ta kwashi kujeru mafi yawa a ƙasa, launin hoda ya bazu cikin ƙauyukan jahar Damagaram. Ɗan takararta ma, Bazum Mohamed, a Tesker ya tashi, cikin jahar. Amma birni ya ƙi. Sabuwar jam'iyyar Nafarko, RDR-Canji, wadda ta tono tsohuwar kalmar 1993 ta maƙala a sunanta, ita ta ci gari, Abdul Rahim Balarabe ya hau kujerar magajin gari a 2021. Mai duba takarda zai ce rinjaye ya sauya hannu, tunda haruffa sun sauya. Masu shan shayi a fadojin Garin Malam da Karkada sun san ba haka ba ne: jam'iyya ce ta tashi ta bar masu zaɓe, su suna nan inda suke. Sauyin gaske a karkara ya faru, dalilinsa kuma ba ɓoyayye ba ne. Ƙauyen da ke jiran rijiya da aji biyu na lakwal da hatsin rahusa ba ya iya daɗewa yana fushi da gwamnati. Mai rumfa a Dole, wanda rabin cinikinsa da Kano yake, yana iyawa.

To, a kan me ake wannan kokawa duka? Abin da ke hannun meri sananne ne: takardun haihuwa da na aure, kwasar shara, yasar magudanai kafin damina, kuɗin rumfa da na tasha da na kabu-kabu, da lampon da ba kowa ke biya ba. Sai babban nama, yankan filaye. Ma'aikatan da gwamnati ta biya wani ɓangare na bashin albashinsu da filaye a farkon shekarun 2000 sun san darajar takardar fili, sun kuma san yadda gonakin bakin gari ke komawa unguwanni, ba famfo ba hanya. Matatar SORAZ ta fara aiki tun Nuwamba 2011, doka kuma ta ware wa yankunan man fetur kashi 15 cikin ɗari, amma kuɗin ta baitulmalin Yamai suke biyowa, magadan gari sun sha kukan jinkirinsu. Ruwa kuwa, wanda shi ne alkawarin farko na kowane ɗan takara, ba ya ma cikin ikonsu: daga rijiyoyin Gogo da Arunguza da Ganaram ake turo shi, ƙarƙashin kamfanonin da shugabanninsu ke Yamai. In bazara ta tsananta famfo ya ƙafe, mata da ƴan ga-ruwa suka jera bido tun tsakar dare, magajin gari ne ke shan zagi, don shi ake gani a masallaci da wurin jana'iza.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Bazum. A watan Afrilu 2024 hukumar CNSP ta rusa majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jahohi baki ɗaya, ta naɗa kantomomi, da yawansu masu kaki. A watan Maris 2025 aka rusa jam'iyyun su kansu, aka ba mulkin Janar Abdurahaman Tiani wa'adin shekara biyar wanda ana iya sake dubawa. Akwai masu cewa gara haka, tunda kansiloli sun fi ƙwarewa a rabon fili bisa ga kwasar shara, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Sai dai ɗan kasuwar da a da ke tare kansilan unguwarsu bayan magariba ya yi masa ƙorafin kuɗin rumfa, yana tuna masa cewa zaɓe na tafe, yanzu sai ya rubuta takarda ya kai wa sakatare. A bangayen Zango da Birni ragowar koren fenti da na hoda suna nan, haruffan wata jam'iyya bisa na wata. Yaron da aka haifa a unguwannin nan shekarar zaɓen 2004 ya cika shekara 18 a 2022. In ɗan kabu-kabu ne yana biyan kuɗin meri kamar kowa, amma bai taɓa jefa wa kansila ƙuri'a ba.