Ƙararrawar Ɓarawo Maƙwabci Take Kira

Jama'a, gidana a Aboabo, nan Kumasi, yana cikin gidajen da aka sa wa ƙararrawar ɓarawo, irin wadda ba a haɗa ta da ofishin masu gadi ba. In an taɓa ƙofa jiniya za ta yi ihu, shi ke nan. Babu mai bugo waya, babu motar da za ta taso. Wato maƙwabci ne mai amsa kiranta. Saboda haka babban aikin mai ita shi ne ya hana ta kukan ƙarya, domin in ta tashi mutane a banza sau uku, ran na huɗu kowa zai gyara kwanciya.

Kayanta ba su da yawa. Akwai akwatin da ke kula da komai, da allon lambobi a bakin ƙofa, da jiniya. Sai 'yan tsaro iri biyu. Na farko maganaɗisu ne, rabi a jikin ƙofa rabi a firam, in sun rabu sai akwati ya sani. Na biyu yana jin motsin ɗumin jiki, ana kafa shi wajen mita 2 daga ƙasa.

Wajen saiti, lambar sirri biyu ce: ta mai haɗawa da ta mai gida. Da yawa suna fitowa daga masana'anta da lamba mai sauƙi kamar 1234, wadda ɓarawo ma ya sani, to ku canza ta ran da aka kafa. Ku kuma karɓi lambar mai haɗawa da littafin na'urar, don in babu su ba ku iya gyara komai. Ni na ba tawa daƙiƙa 60 ta fita, 30 ta shiga, jiniya kuma ta yi shiru bayan minti 4. Da dare ƙofofi da tagogi kaɗai nake kunnawa, don kada wanda ya tashi zagawa ya tayar da unguwa.

In ta yi kuka ba dalili, ku fara duba allo, zai nuna lambar wurin da ya jawo. Shi ya sa na rubuta sunan kowane wuri kusa da lambarsa. Da damina katako yakan kumbura, da hunturu ya tsuke, sai maganaɗisu ya goce. Mai jin motsi kuwa, gizo-gizo ko tsaka a fuskarsa, da kyanwa, da hasken rana ta taga, duk suna ruɗa shi. In kuma kukan yakan zo ne da ɗaukewar wuta, batir ne ya gaji. Mai bolt 12 ne, yakan yi shekara 3 zuwa 5, amma yawan ɗauke wuta irin na dumsor, wanda ya tsananta a 2015, yana rage masa kwana. Kafin ku buɗe akwatin ku sa lambar mai haɗawa, domin murfin ma yana da nasa ɗan tsaro.

Sauran aikin na baki ne. Duk wata nakan gwada ta da rana, bayan na gaya wa maƙwabta. Mun kuma yi yarjejeniya: in ta yi kuka da dare a kunna fitilun waje, a buga mini, a kira 'yan sanda a 191 ko 112, kada kowa ya shiga shi kaɗai. In an kama mutum a miƙa shi ga hukuma. Jiniya ba ta san fuskar ɓarawo ba, kuma wanda aka tarar a lungu yana iya zama mai wucewa ne kawai.