Tattakin Da Na Yi Saboda Baba

Ni 'yar Maska ce ta ƙasar Funtuwa, kuma abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wani ciwo da ake ɓoyewa a gidajenmu kamar abin kunya, wato shanyewar ɓarin jiki. A wajenmu in mutum ya faɗi hannu da ƙafa suka mutu, kafin a nemi mota sai ki ji an ce iska ce ta buge shi, ko kuwa jifa aka yi masa.

Haka aka ce da Babanmu. A daminar 2022 ya dawo daga gonar masara ya zauna zai yi alwalar magariba, sai buta ta suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace, magana ta gagara. Inna ta ɗauki salati, mata suka cika gida, wannan ta ce a yi hayaƙi, waccan ta ce a jiƙa masa magani. Allah Ya taimake mu Yayana yana nan, bai saurari kowa ba ya sa shi a mota sai Funtuwa, daga can aka tura mu asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Da aka yi masa hoton kai, likita ya ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, shi ya sa dama ta shanye, tushen abin kuma hawan jini ne. Ashe Baba ya daɗe da shi bai sani ba, don shi hawan jini ba ya sallama.

To, ciwo ba ya zuwa shi kaɗai. A lokacin akwai wanda yake nemana, har an kawo kuɗin gaisuwa. Ba a yi wata guda ba mahaifiyarsa ta aiko wai a dakata, ita ba ta kai ɗanta gidan da aka yi wa jifa. Shi kuma gogan naku ya ɗauke ƙafa ɗif, ko sannu. Wallahi na sha kuka, amma na Baba ya fi ci mini rai, mutumin da ke ɗaukar buhu shi kaɗai ga shi sai an ba shi fura a baki.

A sashen gashin ƙashi inda muke kai shi ne wata ma'aikaciya ta gaya mini cewa ranar 29 ga Oktoba ita ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, tun 2006 ake yin ta. Ta ce su da ɗalibai za su yi tattaki a cikin gari don wayar da kai, a kuma tara wa marasa hali kuɗin keken guragu da na gashi. Na ce da ni za a yi. Da Baffa ya ji sai ya hau faɗa, "Budurwa a kan titi da kwali a hannu? So kike ki tona mana asiri duniya ta san halin da ubanki ke ciki?" Inna dai ba ta tanka ba, sai ta ce a tambayi mai ciwon. Na durƙusa gaban Baba na faɗa masa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa, can ya ɗaga hannun hagu ya ce, "Je...ki."

Ranar ta faɗo Asabar, kaka ta kama, iska ta fara bushewa. Muka taso daga Tudun Wada muka nufi Ƙofar Doka, ina cikin hijabina, kwalina kuma na rubuta masa da Hausa: Ba iska ba ce, hawan jini ne. Da farko ƙasa kawai nake kallo don kunya, 'yan acaba na ta yi mana ba'a. Amma kafin mu yi nisa wata mata mai sayar da ƙosai ta jawo gefen hijabina, ta raɗa mini cewa mijinta shekara biyu ke nan yana kwance a ƙuryar ɗaki, ba a taɓa kai shi asibiti ba. Na tsaya na nuna mata ma'aikaciyar nan, tana hawaye ta jefa naira hamsin a gwangwanin da nake riƙe da shi. Daga nan ban ƙara sunkuyar da kai ba, ni ce ma har da ɗaga murya.

Abin da muke ta faɗa wa mutane a hanya ke nan, ku ma ku riƙe. In kin ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ɗaya ya ƙi ɗaguwa, ko magana ta sarƙe, a tafi asibiti nan take, a yi addu'ar a cikin mota. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, don sau da yawa haɗiya tana gagara, abin ya wuce huhu. Kuma masana sun ce cikin mutum huɗu da suka haura shekara 25, ɗaya zai gamu da ciwon a rayuwarsa, ba na tsofaffi kaɗai ba ne.

Inda aka tsaya an yi awon jini kyauta, aka ce in ya kai 140 bisa 90 ana maimaitawa bai sauka ba, to a ga likita. Ina komawa Maska na matsa wa Inna sai da ta je aka auna ta, ashe nata ma ya hau. Yanzu tana shan magani kullum, gishiri da dunƙule kuma mun rage a miya, ko da yake Baffa yana ta mita wai tuwon gidanmu ya zama na asibiti. Baba yana takawa da sanda har masallacin ƙofar gida, hannun ne dai har yanzu bai dawo ba.

Shi kuwa wancan, da ya ji Baba ya miƙe, ya turo mini saƙo ta waya wai yana neman izinin zuwa gaisuwa. Na nuna wa Inna, ta karanta ta miƙo mini wayata, ta ce in je in duba ruwan zafin da za a gasa wa Baba hannu.