Farashin Gawo da Darajarsa

Da kaka ya sauka a Bloomington, cikin jihar Indiyana ta Amurka, domin zaman bincike na wata tara a cibiyar da Elinor Ostrom da mijinta Vincent suka kafa a 1973. Malamin tattalin arziki ne daga jihar Maraɗi, kuma tambaya ɗaya ce ta kai shi can: nawa ne kuɗin gawo guda da ke tsaye a gonar hatsi?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Tun wajen 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara jan hankalin manoman Maraɗi su riƙa barin tohon kututture maimakon su tumɓuke shi, dabarar da ake kira sassabin zamani ta bazu ƙwarai. An ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Yau kuma akwai kamfanonin waje da ke biyan kuɗi don a bar itace a tsaye yana riƙe iskar kabon, kuma a kan lissafi irin nasa ake ɗora yarjejeniyarsu.

Wata uku ya yi yana tara alkaluma. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Ganyen da ya zuba taki ne, ƴaƴansa abincin bisashe ne da rani, rassansa kuwa makamashi. Ya sa wa kowanne kuɗi, ya haɗa jimla, ya gabatar da ita a taron mako na cibiyar. Da ya kammala, sai wata mai bincike kan noman ban ruwa a ƙasar Nefal ta ɗaga hannu, ta ce: “Lissafinka ya fita. To, hannun wa kuɗin zai shiga?”

Bai ba ta amsa ba, domin mahaifinsa ne ya faɗo masa a rai. Yana yaro ya sha ganin tsohon yana sare ƙananan gawo lokacin sassabe, tun ba su kai gwiwa ba. Ba ƙin itace yake yi ba. A dokar wancan zamani itacen na hukuma ne ko da a gonarka ya tsiro, kuma wanda ya datse reshe ba izini sai ya biya tara. Gawon da ya girma fitina ne ga mai gona, shi ya sa ake kashe shi tun yana ɗanye.

Daga ranar ya koma ga rubuce-rubucen Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009. Ita da Edella Schlager sun nuna a 1992 cewa mallaka haƙƙoƙi ne guda biyar da za a iya rarrabawa: shiga wuri, ɗibar amfaninsa, tsara yadda za a kula da shi, hana wani, da sayarwa. Da ya auna gawo da wannan ma'auni, sai ya ga mutum uku a gindinsa: mai gona, matar da ke tsintar kirare, da makiyayin da ke kakkaɓo wa dabbobinsa ƴaƴan bayan girbi. Dokar da Nijar ta kafa a 2020 ta amince da haƙƙin manomi kan itatuwan da ya raina. Amma idan da shi kaɗai aka ƙulla yarjejeniyar kabon, aka ce kada a taɓa reshe, sauran biyun sun tashi a tutar babu. Jimlarsa farashi ta nuna, ba ta faɗi ko su wane ne darajar itacen ke ciyarwa ba.

Sauran wata shidan ya kashe su yana warware abin da ya ɗinka. Takardar da ya miƙa a ƙarshe ba ta da adadi ɗaya tilo. Jadawali ne mai layi uku, kowane da abin da mai shi zai samu da abin da zai rasa.

Ya dawo gida ana shirin shuka. A gonar gado, gawon da ƙanensa ya raina sun soma kaɗe ganye.