Daƙiƙa Goma Sha Biyar a Gajeren Zango



Yawancinmu mun tashi ne muna jin gajeren zango, muna murɗa akwatin rediyo har allura ta sauka kan London ko Jamus. Sai dai a tsakankanin waɗancan manyan tashoshi akwai 'yan filaye da aka ware wa masu rediyon sha'awa, wato mutanen da suka karɓi lasisi don su aika saƙo da kansu, ba don kasuwanci ba. Mu muna cikinsu, mu 'yan ƙalilan. Kowannenmu yana da lambar kira: ta Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar 5U, ta Gana 9G.

Mutane sun ɗauka aikinmu shi ne riƙe makirfo ana ta surutu. A yau kuwa, babban kaso na hulɗarmu babu muryar mutum a ciki. Mukan haɗa kwamfuta da rediyo, ita ta mayar da rubutu wani siririn sauti, shi kuma ya cilla shi sararin sama. A can ɗaya ɓangaren wata kwamfutar ta saurara, ta mayar da sautin rubutu. A 1998 wani Bature ɗan Ingila, Peter Martinez, ya fito da tsarin PSK31, wanda ake hira da shi harafi bayan harafi. A 2017 kuma Joe Taylor na Amurka, wanda ya samu kyautar Nobel a kimiyyar fiziks a 1993, shi da Steve Franke suka fito da FT8, wanda yanzu ya mamaye fagen.

FT8 ba ya son dogon zance. An yanka lokaci gunduwa-gunduwa, kowace daƙiƙa 15: ka aika a wannan, ka yi shiru ka saurara a ta gaba. Saƙon da ka tsara da kanka ba ya wuce gurbi 13. Mun ƙirga, SANNU DA AIKI ya cika shi cif, babu ragi babu ƙari. Sauran hulɗar duk a tsare take: lambar kiranka, lambar yankinka a taswira (Kaduna tana JK30), yadda ka ji shi, yadda ya ji ka, sai 73, wato sallama da fatan alheri. Cikin minti ɗaya da rabi an gama. Ladan wannan taƙaitawa shi ne kwamfuta tana iya tsamo saƙon da ya nutse cikin hayaniyar iska, wanda kunnen mutum ba zai taɓa sanin yana nan ba.

To, ga abin da ya sa muka ɗauko zancen. A zangon mita 20, kusan duk masu FT8 na duniya a wuri ɗaya suke taruwa, kan 14.074, a wani fili da faɗinsa bai fi kilohaz 3 ba. Kowace tasha haz 50 kacal take ci. Kamar kasuwar ƙauye ce, kowa da 'yar rumfarsa, kafaɗa da kafaɗa. Idan mutum ɗaya ya baje kayansa fiye da kima, maƙwabtansa ne za su rasa wuri.

Ta yaya ake baje kayan? Ta hanyar ƙure sautin da ke fitowa daga kwamfuta zuwa rediyo. Zuciya tana raya wa mutum cewa in ya ƙara, za a fi jin sa. Abin da ke faruwa shi ne sautin ya gurɓace, ya fantsama hagu da dama, ya binne ƙananan tashoshin da ke gefensa. Mai yin hakan ba ya jin ɓarnarsa, domin lokacin da yake aikawa ba ya sauraro. Wanda ya cutu yana iya zama wani da ke can wani tsibiri da batir ɗaya da 'yar waya a kan bishiya. Shi ya sa muke zuba ido kan ma'aunin ALC: da zarar ya fara hawa, sai mu ja sautin baya. Mukan kashe na'urar ƙara wa murya kauri, mu kuma rufe bakin sauran sautukan kwamfuta, kada ƙarar shigowar saƙo ta bi iska zuwa Japan.

Rediyon kansa yana da haƙƙi. Mai magana yana numfashi tsakanin kalma da kalma, injin ya ɗan huta. FT8 kuwa yana riƙe cikakken ƙarfi kusan daƙiƙa 13 ba sassauci. Rediyon da aka rubuta masa wat 100, mukan tsayar da shi a rabi ko ƙasa da haka, musamman a zafin bazara. Ganga in ta cika zaƙi, ta kusa fashewa, kuma kayan gyaran irin wannan rediyo ba a bakin titi ake samun su ba.

Sai maɓallin Tune, wanda ke sakin sauti ɗaya miƙaƙƙe don a daidaita eriya da rediyo. Daidaitawar dole ce, domin in ba su dace ba, wani sashe na ƙarfin yakan komo ya gasa injin. Amma wannan sauti ba ya ɗauke da saƙo, kuma duk wanda ya faɗa a kansa ya rufe shi. Don haka akwai ladabi. Ka fara saurara. Ka matsa gefe inda babu kowa. Ka rage ƙarfi zuwa wat 5 ko 10. Ka yi shi cikin 'yan daƙiƙoƙi, ka faɗi lambar kiranka. In gwajin rediyo kawai kake yi, ka jona shi da eriyar bogi, wadda ke mayar da ƙarfin zafi ba tare da ya fita ba. Magana zarar bunu ce, balle wadda ta hau iska.

Na ƙarshe shi ne agogo. In na kwamfutarka ya kauce da daƙiƙa biyu ko uku, kana iya kwana kana kira ba wanda ya tanka, kuma ƙara ƙarfi ba zai yi maganin haka ba.

Da yake masu 5N ba su da yawa a iska, in muka yi kira mukan ga amsoshi sun yo ca daga ƙasashe daban-daban. Mutumin da ke Birazil ko Koriya bai san fuskarmu ba, bai san garinmu ba. Abin da ya sani game da mu shi ne wani siririn layi a allon kwamfutarsa: ko ya zo a kan lokaci, ko ya tsaya a gurbinsa, ko ya bar wa na kusa da shi wuri. Da wannan yake auna mu, mu ma da shi muke auna shi.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa. 73.