Kwana uku na Kino, shekara saba'in namu a Vom

Yau ba maganar kasuwa zan yi ba, maganar wani katun ce, kuma kada ku yi mini dariya tukuna.

Wani abokina mai cajin waya ne ya tura mini shi, sunansa Kino's Journey. 'Yan Japan suka yi shi a 2003, kashi 13, daga littafin Keiichi Sigsawa. Wata yarinya ce mai suna Kino take yawon ƙasashe a kan babur ɗinta mai magana, Hermes. Ƙa'idarta guda ce: duk ƙasar da ta shiga, kwana uku za ta yi ta wuce. Tana gani, tana tambaya, amma da wuya ta ce wa mutane ga daidai ga kuskure.

Kashin da ya hana ni barci shi ne na wasu ƙasashe biyu da suka gaji da yaƙi da juna. Sai suka yi sulhu a kan cewa duk shekara za su yi gasar kashe wata ƙabila mara ƙarfi da ke kusa da su, wanda ya fi yawan gawa shi ya ci. Suna alfahari wai 'ya'yansu sun daina mutuwa. Su kuma waɗancan da ake kashewa, sai su huce a kan matafiyin da suka kama shi kaɗai. Wallahi na ajiye wayar na daɗe ina kallon rufin kwano.

Kakana ya zo Filato daga Kano zamanin haƙar kuza. Mahaifina a nan aka haife shi, yana sayen dankalin turawa a hannun manoman Birom yana lodi zuwa Arewa. Ni ma nan na buɗe ido, ba nisa da cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom tun 1924. Rikicin Satumba 2001 labarinsa na ji, amma na Nuwamba 2008 da na Janairu 2010 ina da wayo. A na 2010 wata dattijuwa 'yar Birom da Baba ya shekara yana sayen dankalinta ce ta kulle mu a ɗakin ajiyarta kwana biyu. Ba ta tambaye mu daga ina kakanmu ya zo ba.

Da na gama sakandare na je neman takardar shaidar ɗan asali, aka ce in tafi garinmu. Na je Kano, 'yan uwan Baba suna ce mini ɗan Jos, suna dariyar Hausata. To ina ne garin namu?

Da farko Kino ta burge ni, har na ce ina ma ni ne, in ga abu in tayar da babur. Daga baya na gane kwana ukun nan sauƙi take nema wa kanta. Wanda zai tafi jibi ba ya zuwa jana'iza, ba ya bin kowa bashi, ba a bin sa. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma raɓar da ta kai shekara saba'in a wuri ɗaya, ai ta daɗe da shiga ƙasa.

Shi ya sa nake ganin kuskure ne mu riƙa zama kamar masu jiran mota, muna kallon maƙwabta kamar wata baƙuwar ƙasa. Ni dai bara da dattijuwar nan ta rasu na je gaisuwa, na zauna cikin 'ya'yanta har yamma. Babban ɗanta ya ce in gaya wa Baba dankalin bana yana nan an ware masa.

Allah ya zaunar da Filato lafiya, amin.