Tiyon Mai Da Tsohuwar Datsun Ɗin Kawu



Yau batun mota zan yi, kuma a kan wani ɗan abu da ba kowa ke waiwayarsa ba, wato baƙin tiyon nan da ke ɗauko mai daga tanki ya kai wa kafireta. Na san wani zai ce abin ya yi ƙanƙanta a ɓata masa lokaci. To amma da yawa daga cikinmu da muka baro Kano, Katsina, Zariya, Gusau, har ma da Maraɗi da Damagaram, muka yada zango a Kubwa, Gwagwa, Dei-Dei, Karu ko Mararraba, idan ka leƙa tsakar gidansa za ka iske wata tsohuwar mota an lulluɓe ta da tamfol. Wani ta mahaifinsa ce, wani kuma ita ce motarsa ta farko, ya kasa rabuwa da ita. Galibi Peugeot 504 ce ko 505 da aka harhaɗa a Kaduna, inda kamfanin PAN ya fara aiki a 1975, ko Beetle, ko tsohuwar Marsandi. Ana tayar da su ranar Sallah ko ranar ɗaurin aure, a zuba yara a baya a fita gari. Waɗannan motocin nake nufi, da waɗannan yaran.

Tawa Datsun 240Z ce ƙirar 1972, mai kujera biyu kacal, abin da ya sa uwargida ke kiranta motar son kai. Ta kawuna ce, Allah Ya jiƙansa, wanda ya yi aiki a masaƙa a Kaduna, ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma gida. Da aka zo rabon gado aka yi mata kuɗi, babu wanda ya nuna sha'awa cikin magada, sai na biya na sa aka ɗauko mini ita. Ga wanda bai san ta ba, mota ce mai dogon hanci da injin silinda shida a jere, wadda kamfanin Nissan ya fara fitarwa a ƙarshen 1969. Irinta ce ta lashe gasar Safari ta gabashin Afirka a 1971, ta sake lashewa a 1973 a hannun Shekhar Mehta. Kawu ya kan faɗi wannan kamar shi ya tuƙa.

Abin da ya tayar da aikin shi ne wari. Duk lokacin da aka buɗe ƙofarta da rana sai warin fetur ya doki hanci, alhali ƙasa a bushe take, babu ko ɗigo. Mutane suka riƙa ce mini ai haka tsohuwar mota take. Ni dai ban yarda ba, domin ba da wari ta fito daga kamfani ba. Idan har hanci ya ji fetur, to akwai inda yake fita, ko da a matsayin tururi ne. Shi kuwa tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya taru a lungu, kuma tartsatsi ɗaya daga wayar fulogi ko kan batir ya ishe shi.

A irin wannan injin akwai ƙarin abin tsoro. Kafireta biyu ke gare ta, kuma su da manifol, wato wuyan salansa inda hayaƙi mai zafi ke fitowa daga inji, duk a gefe ɗaya suke. Kafiretocin na sama, wutar na ƙasa, sai wani ɗan farantin ƙarfe a tsakani. Ƙarƙashin kowace kafireta kuma akwai wani siririn tiyo da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, wanda ke ɗauko mai daga kofin da mai ke taruwa ya kai bakin da ke fesa shi. Dole ya zama mai laushi domin yana lanƙwasa duk lokacin da aka ja cok. Ba a ganinsa sai an sunkuya da tocila. Da muka taɓa nawa, ƙarau yake kamar busasshen kara, kuma duk ya tsattsage.

Masu Beetle, wadda Yarbawa ke kira Ijapa, su ma sun san nasu ciwon. An daɗe da sanin cewa ɗan bututun tagullar da tiyo ke shiga a jikin kafiretarta kan saki ya fice, famfo ya ci gaba da watsa mai a kan inji mai zafi a baya, direba na gaba bai sani ba sai masu wucewa sun yi masa ihu.

Me ke kashe roba haka? Na farko shekaru. Na biyu zafi, kuma wanda ya zauna Abuja a watan Maris da Afrilu ya san abin da ake nufi, balle a ce cunkoson Nyanya ya riƙe ka, inji na ta huci ba iska. Na uku ajiya. Tiyon da mai ke bi ta cikinsa kullum ya fi daɗewa a kan wanda ake jiƙawa yau a bar shi ya bushe wata uku. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma tsallake 1,000 a Abuja a 2024, tsofaffin motoci masu shan mai sun fi zama a ƙarƙashin tamfol. Ga kuma ɓera, wanda ba ya raina roba ko waya.

Na huɗu shi ne man kansa. Fetur ɗin da aka ƙera wa waɗannan motoci tiyo dominsa ba shi ake sayarwa yanzu ba. An daina zuba masa dalma, Aljeriya ce ƙasa ta ƙarshe da ta daina a 2021, kuma a ƙasashe da dama ana gauraya shi da sinadarin etanol. A Amurka kashi 10 cikin 100 ya daɗe da zama ruwan dare, Birtaniya ma ta koma kan haka a watan Satumban 2021. Etanol da ɗan uwansa metanol suna cin tsohuwar roba, su kumbura ta, daga baya ta bushe ta tsage, sannan suna jawo ruwa cikin tanki. Ba mu manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da hukumomi suka sanar cewa an shigo da fetur daga tashar Antwerp ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da metanol fiye da ƙima, aka janye shi, layukan mai suka cika Abuja da Legas. Wanda kuma ke saye a galan a bakin titi wurin 'yan bumburutu, shi da Allah kaɗai suka san abin da ya zuba.

Wahalar farko ita ce samun bakaniken da ya san kafireta. Yaran yanzu sun ƙware a kan injekta, su jona na'ura ta faɗa musu ciwon mota, kuma ban ga laifinsu ba, abin da ke shigo musu gareji ke nan. Wani matashi ya leƙa injin tawa ya yi dariya ya ce, “Yallaɓai, wannan ai sai dai kakana.” Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani dattijo mutumin Zariya a wajen Dei-Dei, wanda ya yi ƙuruciyarsa a kan 404 da 504. Da na ce masa tiyon ƙarƙashin kafireta nake so a canza, sai ya girgiza kai ya ce, “Malam, ai rana ɗaya aka haife su. Wanda ya fashe yau ya riga 'yan uwansa ne kawai.” Muka bi layin man tun daga tanki har inji muna ƙirgawa: na fita daga tanki, na mayar da rarar mai, na shaƙar iska, babban na wuyan tanki inda ake zuba mai, biyu a jikin filta, na famfo, na kowace kafireta. Guntaye sun haura goma. Warin da ke cika cikin motar ma daga baya yake zuwa, daga tiyon shaƙar iskar tanki da ke ɓoye a bayan marfin gefen but.

Sai sayen tiyo, kuma a nan ne nake so a saurare ni da kyau. Na shiga Apo, inda kanikawa da masu kayan gyara suke, shago na farko aka warware mini wani baƙin tiyo mai sheƙi babu ko harafi ɗaya a jikinsa, mai shagon na rantsuwa cewa orijinal ne. A ido duk baƙin tiyo ɗaya ne, na ruwan lagireto, na iska, na gas ɗin girki, na mai. Bambancin yana ciki, kuma hanyar saninsa ita ce rubutun da ke jiki. Tiyon mai na ƙwarai yana ɗauke da sunan kamfani, da faɗin raminsa, da lambar ma'auni. Idan ka ga SAE J30 R6 ko R7, na mota mai kafireta ne. R9 an yi shi ne domin injekta, kuma an shafe cikinsa da wata roba da etanol ba ya ci da sauri, tururi ma ba ya ratsa ta sosai. R10 na cikin tanki ne tsundum. Na ƙasashen Turai kuma sukan zo da lambar DIN 73379. Famfon kafireta ba shi da ƙarfi, a ma'aunin da ake auna iskar taya bai wuce 3 zuwa 5 ba, alhali injekta kan kai 40, saboda haka R7 ma ya isa ta fuskar ƙarfi. Ni dai R9 na zaɓa saboda halin man da muke sha. Sai da na shiga shago na biyar na samu, kuma duk da tsadarsa kuɗin bai kai na rabin tankin mai ba. Shi ma akwai jabunsa, don haka a duba ko rubutun ya fita tsaf, a lanƙwasa shi a ga ko zai karye ya toshe.

A tafi kasuwa da guntun tsohon a aljihu, domin faɗin ramin ya bambanta, wani milimita 6 wani 8, kuma wanda ya yi yawa ba ya ɗauruwa komai matsin da aka yi masa. Tiyon nan mai rigar zare a waje yana da kyan gani a tsohuwar mota, amma rigar ce ke ɓoye tsagewa har sai ta jiƙe sharkaf. Shi kuwa farin tiyo mai nuna ciki da wasu ke sakawa wai don su ga mai na tafiya, zafin inji na sandarar da shi cikin ɗan lokaci. Irinsa na sha gani a jikin ƙananan janaretocin da ke bayan tagoginmu, an ɗaure da waya, yara na wasa a gefe.

Aikin kansa yini ɗaya ya ci mana. Muka yi shi a fili da sassafe, inji a sanyaye, mai ya yi ƙasa a tanki. Baba ya fara cire kan batir na nagatif, ya ajiye tukunyar kashe gobara mai hoda a kusa, ya kori wani yaro da ya zo kallo da sigari a hannu. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi. Ya tsiyaye sauran man a mazubin ƙarfe ta ƙasan tanki, bai yarda kowa ya zuƙa da baki ba. Da za a shiga ƙarƙashi sai da aka tokare motar da ƙafafun ƙarfe, ba a dogara da jak kaɗai ba. Ni kuma aikina ɗaukar hoto da waya kafin a cire kowane guntu, domin a san hanyar da ya bi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda bai taɓa fizgar tsohon tiyo ba. Reza yake sawa ya tsaga bakinsa a tsaye, a hankali, ya ɓare shi kamar ɓawon ayaba. Na ce, “Baba, me ya sa ba za a murɗa a ja ba?” Ya ce fizga ce ke girgiɗa bututun tagullar da ke jikin kafireta da famfo, kuma idan ya saki ba kowa ke iya mayar da shi ba. Ɗaya yake cirewa, ya auna, ya yanka sabo a miƙe, ya saka, sannan ya taɓa na gaba. Wanda ke tsakanin jikin mota da inji ya ƙara masa ɗan tsawo domin inji na jijjiga, ya kuma tabbatar babu inda yake gogar ƙarfe ko kusantar salansa. Kilif ma ya ƙi irin mai ramuka a jiki, ya ce yana yanka roba, kuma a kan ƙaramin tiyo ba ya matsewa daidai ta ko'ina. Mai santsin ciki ya sa na sayo, ya ɗaura kowanne a bayan ɗan tudun da ke bakin bututu. Muka sauya filta, ya bi bututun ƙarfen da ke ƙarƙashin mota da yatsa yana neman tsatsa, musamman wuraren da aka maƙale shi.

Guda biyun nan na ƙarƙashin kafireta sun fi ba da wahala, domin tiyon kasuwa ya yi musu kauri, zai hana cok komawa. Sai da wani ɗan uwa ya aiko da nasu na asali daga waje, shi ya sa aikin ya jira sati uku kafin a fara. Babban na wuyan tanki kuwa a Ƙofar Ruwa ta Kano aka samo wanda ya yi daidai.

Da aka gama aka zuba lita goma, aka mayar da batir, aka tayar. Ta ɗan yi gardama kafin mai ya cika kofunan, sannan ta kama. Baba ya bar ta tana aiki, ya ɗauki farar takarda yana dangwala ƙarƙashin kowane kilif yana dubawa yana shinshinawa, ya kashe, ya sake bi. Muka je Zuba muka dawo, ya sake bi karo na uku. Ya ce in dawo bayan sati biyu a ƙara matse su domin sabuwar roba tana lafawa, kuma duk lokacin da za a canza baƙin mai a lanƙwasa kowane tiyo a duba bakinsa. Ya ɗauki kusa ya karce watan da shekarar a cikin marfin bonet. Ranar da na koma, kilif biyu na wajen famfo sun karɓi rabin juyi kowanne, sauran suna nan daram.