Launukan Kaka a Ƙasar Gobir

Duk shekara idan Oktoba ta kama, hotunan dazuzzukan Kanada da Japan da Amurka sukan cika wayoyinmu: itatuwa sun rine jawur, wasu sun koma ruwan ɗorawa, jama'a sun yi takakkiya daga garuruwa masu nisa don kallon ganye kawai. Kanada ma har ta ɗora jan ganyen wata bishiyarta a kan tutarta tun 1965. Wanda ya ga waɗannan hotuna zai iya zaton ƙasashen sanyi kaɗai Allah ya keɓe da wannan ado, mu kuma ya bar mu da ƙura da hazo. Ni Bagobiri ne, a ƙasar Sabon Birni aka yanke mini cibiya, kuma ina da ja a kan wannan zato. Kakarmu ma tana da launukanta. Sai dai su kallon nasu suke yi, mu kuwa karanta namu muke yi, domin a cikinsu ake gane ko gida zai ci tuwo bana ko zai kwana da yunwa.

Harshenmu kansa shaida ne. Bahaushe a jikin tsiro da ƙasa ya samo yawancin sunayen launukansa. Rawaya sunan tsiro ne da ake rini da saiwarsa. Ruwan ɗorawa daga garin 'ya'yan ɗorawa yake, makuba daga ɓawonsu. Ga ruwan goro, ga ruwan toka, ga ruwan ƙasa. Jan da dukawan Sakkwato suke rina fatar akuya da shi, fatar da ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa danganta ta da Maroko, daga karan dafi ake samunsa, wato wata irin dawa da ake shukawa don launin da ke jikin kararta. Mutanen da suka raɗa waɗannan sunaye sun daɗe suna tsayawa suna duban daji da idon basira.

A wajenmu launi yakan fara juyawa ne daga ƙasa ya yi sama. Bayan marka ta wuce, sa'ad da ko'ina yake kore shar, gero ne ke fara ba da labari cikin Satumba: ganyen gindinsa ya yi rawaya, zangarniya ta yi nauyi ta ɗauki ruwan toka, sai a fito da magirbi. Shamuwa ta tattara ta yi kudu. Ciyawar burtali ta koɗe, gamba ta yi ruwan zinariya, ƙarangiya ta bushe ta fara kama bakin wando. Dawa takan jinkirta har Nuwamba, sa'an nan kowane iri ya nuna halinsa, farfara fara, kaura rawaya, janjari ja. A gefen gona yakuwa ta yi jawur tana jiran masu zoɓo. Harawar wake kuwa gaggawar naɗe ta ake yi tun tana da sauran kore, a ɗora ta bisa rassa ko rufin ɗaki, don mai kiwo ya san darajarta a korenta take. Daga ƙarshe manyan itatuwa su bi sahu: kuka ta zubar da abin da masu miya suka rage mata, ta tsaya tsirara da 'ya'yanta suna reto, magarya ta nuna ja-ja, hazon hunturu ya sauko ya shafe komai da fari. A fadamar gulbin Rima kaɗai kore ke komawa ya fake, cikin albasa da tattasai.

Da na karanci ilimin tsirrai a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na sami bayanin abin da idona ya saba gani. Koren ganye daga wani sinadari yake mai suna kulorofil, wanda da shi tsiro ke kama hasken rana ya haɗa abincinsa. Rawaya kuwa tana nan cikin ganyen tun farko, kore ne ya rufe ta. A ƙasashen sanyi gajartar yini da ɗari ne ke sanar da bishiya lokaci ya yi. A wajenmu ƙishirwa ce babbar mai shela. Da zarar sanarwa ta iso, tsiro yakan warware kulorofil, ya janye abin amfanin da ke cikin ganye ya kai shi ma'aji: bishiya ta kai rassa da saiwa, gero ya kai ƙwaya. Sai ya toshe mahaɗar ganye da reshe, ya sake shi ya faɗi. Ashe rawayar da muke gani alamar tanadi ce. Bishiya kwashe kayanta take yi kafin wahala ta iso, kamar yadda manomi ke cika rumbu ya liƙe bakinsa da laka.

Bishiya ɗaya ce ta saɓa wa 'yan'uwanta, ita ce gawo. Da damina, lokacin da kowa ke ado, shi tuɓewa yake yi ya tsaya fari fat kamar matacce. Da kaka, sa'ad da kowa ke zubarwa, sai ya tofo. Saiwarsa na nutsawa har ta taɓo ruwan ƙarƙashin ƙasa, don haka rani bai dame shi ba. Ganyen da ya zubar taki ne, ba ya tare wa shuka rana, 'ya'yansa kuma abincin bisashe ne a tsakiyar rani. Ina yaro na taɓa tambayar kawuna, "Kawu, me ya sa ba a sare wannan busasshen itace?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, dubi hatsin da ke gindinsa, ka dubi na can nesa, sa'an nan ka sake tambayata." A hayin iyaka, manoman jihar Maraɗi sun riƙe wannan hikima da hannu biyu: tun shekarun 1980 suke barin tohon itatuwa ya girma cikin gonakinsu, har miliyoyin itatuwa suka dawo inda dā aka share.

To, amma karatun launi sai da tsayuwa, tsayuwa kuma sai da kwanciyar rai, abin da ya yi ƙaranci a Sabon Birni da Isa cikin 'yan shekarun nan. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Sabon Birni. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasa ransa a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutanenmu sun tsallaka zuwa Gidan Rumji da maƙwabtansa. Yanzu ba manomi kaɗai ke karanta launin gona ba. Koren damina ya zama labulen masu ɓarna, rawayar gero kuma ta zama sammaci, don da ta bayyana ake aiko wa ƙauye da adadin kuɗin da zai tara kafin a bar shi ya yi girbi. A gonarmu ta bakin daji na ga launin da ban san shi ba ina yaro, launin hatsin da ya nuna ba a girbe shi ba: tsuntsaye sun cinye ƙwaya, zangarniya ta yi baƙi-baƙi, kara ya kwanta gara ta hau shi. Hausa ba ta da suna ga wannan launi, kuma ina roƙon Allah kada ya daɗe har ta raɗa masa.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba, kuma kufan Alƙalawa ne dalilina. Sarki Babari ya kafa birnin a bakin Rima cikin ƙarni na 18, Bawa Jangwarzo ya ɗaukaka shi, sa'an nan a Oktoban 1808, cikin kaka, rundunar jihadi ta ci shi, Sarki Yunfa ya faɗi. Wanda ya je yau, tuddan ganuwa da kaburbura da gonaki zai tarar. Amma Gobir ba ta ƙare a nan ba. Kamar bishiyar da ta janye korenta zuwa saiwa, Gobirawa sun tafi da sarautarsu da tsagarsu da irin shukarsu, suka tofo a Tsibiri a 1836, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Sunan garin kansa yana faɗin abin da ya faru.

Saboda haka nake ganin sha'awar launukan kaka a ƙasa irin tamu wani nau'i ne na riƙon gado. Akwai yaran da aka haifa a gudun hijira, waɗanda hatsi a buhun agaji suka san shi, ba su taɓa ganin yadda kaura ke juyawa ba. Idan hutu ya kai ni gida nakan ja ƙannena zuwa bayan gari, iyakar inda ake iya zuwa a dawo kafin la'asar, in nuna musu gamba da magarya da gawo, su faɗi sunan kowanne da launinsa. Abin da mutum ya san sunansa ba ya sallama shi da sauƙi. Ranar da Bagobiri zai sake tsayawa tsakiyar gonarsa da yamma, ya murza zangarniya a tafin hannu ya duba nunarta ba tare da waiwaye ba, ranar ce zan yarda zaman lafiya ya dawo, ko da ba a yi shelarsa a rediyo ba.